Allon ciki da rigar matsi bayan tiyatar rage tumbi: yaushe ake fara sa allon?

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar masu sani. An yi wa ƙanwata tiyatar rage tumbi a Abuja, aka yanke fatar da ta saki bayan haihuwa, aka kuma ɗinke naman cikin da ya rabu. Yau kwana 9 ke nan, mun dawo da ita Kaduna, tana hannuna. Har yanzu akwai robar fitar da ruwa guda ɗaya a jikinta, kuma a duƙe take tafiya.

An sallame ta da bel mai faɗi, irin mai mannewa. To wata mai sayar da kayan bayan tiyata ta aiko mana da rigar matsi mai ƙugiyoyi, wadda suke kira faja, haɗe da wani allo mai tauri da aka lulluɓe da soso. Ta ce in ba a fara sa allon tun yanzu ba, cikin zai yi ninki kuma ba zai ƙara miƙewa ba. Likitan da ya yi aikin kuma sai mako mai zuwa zai gan ta.

Mu fara sa mata allon ne ko mu dakata? Kuma yaya za mu gane cewa matsin bel ɗin ya yi daidai, bai yi yawa ba? Ga zafin garin nan, gumi yana damun ta ƙwarai.

Likitan Fiɗa KD

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya.

Ku ajiye allon nan tukuna. Kada ya taɓa cikinta sai likitan da ya yi aikin ya duba ɗinkin da idonsa ya ce a sa. Ga dalili.

A wannan tiyata ana ɗaga fatar ciki da kitsen da ke ƙarƙashinta tun daga mara har zuwa kusa da haƙarƙari, a ja ta ƙasa, a yanke rarar, a ɗinke. Wajen ɗagawar nan dole a yanke ƙananan jijiyoyin jinin da ke fitowa daga naman ciki kai tsaye suna ciyar da fatar tsakiya. Abin da ya rage mata shi ne jinin da ke zuwa daga gefe, ta wajen haƙarƙari da kwiɓi. Saboda haka wurin da ya fi ko'ina nisa da jini shi ne tsakiyar ciki, tsakanin cibiya da layin ɗinki. Nan ne kuma aka fi jan fatar. Fatar wurin kamar shukar da aka dasa jiya take, saiwarta ba ta kama ba. To daidai wannan wurin ne allon yake zama.

Idan aka danne shi da abu mai tauri na awanni, ɗan jinin da ke isa can zai ragu. Da farko fatar za ta yi duhu ta yi sanyi, sai bororo, sai ta yi baƙi ta mutu, ɗinkin ya buɗe. Raunin da haka ta haifar yakan ɗauki makonni ko watanni ana wanke shi, wani lokaci sai an koma ɗakin tiyata, tabon kuma ya fi na asali muni nesa ba kusa ba. Abin da ya sa wannan ya fi haɗari shi ne fatar ƙasan cibiya ba ta ji a yanzu, domin an yanke ƙananan jijiyoyin ji. Allon zai iya cin fatarta awa shida ba ta ji zafin da zai sa ta cire shi ba.

Sai maganar duƙawa. Wadda aka yi wa wannan aiki takan yi mako ɗaya zuwa biyu ba ta miƙe sosai ba, kuma haka ake so, don kada a ja ɗinkin. Allo kuwa miƙaƙƙe ne. In aka sa shi a jikin da ke duƙe, bakinsa na sama zai soki ƙasan haƙarƙari, na ƙasa kuma ya sauka a kan ɗinkin ko a kan robar ruwan.

Asalin inda allon nan ya fi amfani shi ne bayan zuƙe kitse kaɗai, inda ba a ɗaga fata ba, kuma mutum yana iya miƙewa tun ranar farko. Masu sayarwa sukan haɗa ayyukan biyu su ba da shawara ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne. Bayan tiyatar rage tumbi, likitoci da dama ba sa ba da allo sam, sakamakon kuma ya yi kyau. Waɗanda ke bayarwa sukan jira sai an cire roba, ɗinki ya haɗe ya bushe, mutum ya fara tsayuwa sosai, wato galibi bayan mako biyu zuwa uku, wasu ma fiye. Batun cewa ciki zai lalace in ba a sa shi yau ba, ba gaskiya ba ne. Abin da ke shafe ciki shi ne ɗinkin naman da aka yi a ciki da fatar da aka cire. Riga da allo taimako kawai suke yi wajen rage kumburi da riƙe jiki.

Ita ma fajar, ku ɗan dakata da ita. Bel ɗin asibiti ya fi dacewa muddin akwai roba, domin ana iya sassauta shi ko a ƙara, kuma buɗe shi don duba rauni ba ya buƙatar jan komai.

Ba sai kun jira mako mai zuwa ba kafin ku tambaya. Ku ɗauki hoton cikin a wuri mai haske, da hoton allon da rigar, ku tura wa likitan ta WhatsApp ko ta lambar asibitin.

Nas Malali

Yaya, sannu da ƙoƙari. Likita ya gama maganar allo, bari in taɓa bel ɗin da gumi.

Gwajin matsi mai sauƙi ne. Bayan kin ɗaura mata, ki zura tafin hannunki a miƙe tsakanin bel da jikinta. Ya kamata ya shiga da ɗan ƙoƙari kaɗan. In bai shiga ba, ya yi tsanani. In kuma yana yawo a ciki, ya yi sako-sako. Sannan ki sa ta ja dogon numfashi har ƙirji ya cika. In ta kasa, ko ta ce abinci yana taso mata, ko cinyarta tana sagewa, ki sassauta. Kumburi ba ya tsayawa wuri ɗaya: da safe ya sauka, da yamma ya hau. Don haka ɗaurin safe ba lalle ya dace da bayan la'asar ba, sai an sake gyarawa.

A kwance ake ɗaurawa, gwiwoyi a lanƙwashe da filo a ƙarƙashinsu. Ki shimfiɗa bel ɗin a kan gado, ta kwanta a kai, ki jawo gefe biyun su haɗu a gaba. Bakinsa na ƙasa ya sauka ya rufe ɗinkin gaba ɗaya har ya ɗan hau ƙashin ƙugu. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin bel ya tattare sama lokacin zama, bakinsa ya koma daidai kan ɗinkin yana yanka kamar igiya. Duk lokacin da ta tashi daga zaune, ki duba ki ja shi ƙasa. In ya naɗe ya yi ninki a kwiɓi, kwance shi za ki yi ki sake, kada ki bar ninkin ya kwana.

Kada bel ya zauna a kan fata tsirara. Ki sa mata singileti ta auduga zalla, mai laushi, marar leshi, ki juya ta ɗinkin singiletin ya koma waje. Ki shafe ta da hannu kafin ɗaurawa don kada ta tattare. A zafin Maris da Afrilu na Kaduna za ki iya canza ta sau biyu ko uku a rana, don haka ki tanadi kamar guda huɗu. Hoda, man shafawa da turare duk kada su je kusa da ɗinki ko cibiya. Ƙurajen zafi da ƙaiƙayi danshi ke kawo su, maganinsu busasshiyar singileti da iska.

Sau biyu a rana, safe da dare, ki buɗe bel na minti 10 zuwa 15 tana kwance, ki duba fatar da tocila ko kusa da taga. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka kada ki jira ganin ja. Ki nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya koma ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, wurin da ya fi sauran sanyi in kin taɓa da bayan hannu, bororo, ko sawun bel da bai ɓace ba bayan kusan rabin awa. Ki fi mai da hankali kan tsakiyar ɗinkin da cibiya. Ɗaukar hoto kullum a wuri ɗaya yana taimakawa, domin ido yakan saba da canjin da ke zuwa a hankali.

Idan za ta tashi bayan an kwance bel, ta fara zama a bakin gado na ɗan lokaci. Jiri yakan ɗebi mutum idan aka cire matsi farat ɗaya, musamman wajen wanka. Ki ajiye kujerar roba a banɗaki, kuma kada ta kulle ƙofa.

Robar ruwan: ki fito da bututun ta ƙasan bel ba tare da ya lanƙwashe ba, ki sa ɗan bandeji mai laushi tsakaninsa da fata don kada bel ya danna shi ya yi mata shaida. Ƙwallon da ruwan ke taruwa a ciki, bayan kin zubar ki matse shi kafin ki rufe, domin matsewar ce ke sa ya zuƙo. Ki rubuta adadin da ya fita a kowace awa 24. Likitoci da yawa suna cirewa idan ya sauka ƙasa da mililita 30 a rana, amma kowa da ƙa'idarsa, takardar ce zai duba. Launin ruwan yakan tashi daga ja zuwa ruwan hoda zuwa rawaya-rawaya. In ya koma jini jajir da yawa, ko ya yi kauri yana wari, ko ya tsaya cak alhali ciki na kumbura, ku kira likita a ranar.

Bel ko riga, biyu ake so, ɗaya a jiki ɗaya a igiya. Wanki da hannu, ruwa mai sanyi, sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa. Ruwan zafi, guga da rana mai ƙarfi suna kashe robar da ke cikin yadin. Kuma don Allah kada a sayo mata irin bel ɗin rage ƙugu mai ƙarafa da ake sayarwa a Kasuwar Gumi ko a Instagram a matsayin na biyun. Wancan an yi shi ne ya shaƙe tsakiya ya bar sama da ƙasa, sai ruwa ya gangara ya taru a mara.

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Allon dai na mayar da shi cikin ledarsa. Sai wasu abubuwa biyu. Goggonmu ta ce a riƙa gasa mata cikin da tawul da ruwan zafi kamar mai jego, a kuma ɗaure shi tamau da zani, wai shi ke saukar da kumburi. Sannan tana tambaya yadda za ta yi salla, kuma tana da yaro ɗan shekara biyu da ke son a ɗauke shi.

Fisiyo Barnawa

Hajiya, ki ba Goggo haƙuri cikin ladabi, amma gashin nan kada a yi shi. Fatar da ba ta ji ba ta sanin ruwa ya yi zafi, kuma fatar da jininta ya ragu tana ƙonewa da zafin da lafiyayyar fata za ta jure. Tawul mai zafi, kwalbar ruwan zafi, zama kusa da garwashi, har ƙanƙara ma, duk a bar su har sai ji ya dawo, wanda kan ɗauki watanni. Ruwan wanka ki gwada shi da hannunki, ya zama ɗumi kawai. In ana dama mata kunun kanwa a dakatar, a kuma rage gishiri da dunƙulen miya, domin suna riƙe ruwa a jiki su ƙara kumburin.

Ɗaurin zani tamau yana da hatsarin da ya wuce na fata. An riga an ɗinke naman cikinta an matse shi daga ciki. In aka ƙara matsi mai tsanani daga waje, jinin da ke dawowa daga ƙafafu zuwa zuciya zai riƙa tafiya a hankali, numfashi kuma ya gajarta. Jinin da ke jinkiri shi ke daskarewa. Tiyatar rage tumbi tana cikin ayyukan gyaran jiki da suka fi haɗarin gudan jini a jijiyar ƙafa, kuma gudan yana iya ballewa ya toshe huhu. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a makonnin farko, fiye da kumburi ko ninki. Haka ma faja mai gajeren wando da bakinta ke shaƙe cinya ko matsematsi.

Rigakafin shi ne motsi. Da rana ta tashi ta zaga falo na minti 5 zuwa 10 kowace awa ɗaya ko biyu. In tana kwance ta riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa kamar sau 20, ta ja dogon numfashi sau 10. Ta sha ruwa sosai. In an rubuta mata allurar hana daskarewar jini ko safar matsi, a kammala kamar yadda aka rubuta.

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura fiye da ɗayar, ko sharaɓa tana ciwo tana zafi, asibiti a ranar, kuma kada a matsa ƙafar. Idan numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji na suka, ko tari da jini, ko ta suma, ba maganar kama hanyar Abuja. Ku nufi sashen gaggawa mafi kusa, Barau Dikko ko Asibitin 44, ku faɗa musu tun daga ƙofa cewa an yi mata tiyatar ciki kwanan nan.

Ranar komawa ganin likita, in a mota ne, ku tsaya a wuri mai aminci ta taka ƙasa kusan kowace awa, ta sa ƙaramin filo tsakanin bel ɗin mota da cikinta. Jirgin ƙasa daga Rigasa yana da fa'idar cewa za ta iya tashi ta ɗan taka a ciki, amma kada ta ɗauki jaka ko ta shiga turmutsutsu.

Salla a zaune a kan kujera, ta yi ishara da kai, sauƙin da addini ya ba marar lafiya ne. Ruku'u da sujada suna ninke cikin kuma tashi daga ƙasa yana jan ɗinkin naman. Ta koma musu a hankali bayan likita ya yarda. Haka masai na tsugune, in akwai na zama shi ya fi. Magungunan ciwo irin su tramadol da codeine suna busar da ciki, yunƙuri kuma yana takura ɗinkin, don haka gwanda, miyar kuka, zogale da ruwa su yawaita. In za ta yi tari ko atishawa ta rungume filo a cikinta. Tashi daga gado ta gefe, ta tura da hannu.

Yaron kuwa, ɗan shekara biyu yakan kai kilo 12, ita kuma bai kamata ta ɗaga abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5 ba har mako shida. Ba ɗauka, ba goyo. Ta zauna, ku ɗora shi kusa da ita, da filo a tsakani saboda harbin ƙafa.

Likitan Fiɗa KD

Ƙari kaɗan, Hajiya, don ranar da likitanta zai iya cewa a fara allon.

Ku tafi da shi da fajar ya gwada su a jikinta. Girman allo yana da muhimmanci: in tana zaune, bakinsa na sama ya tsaya kamar yatsu biyu ƙasa da haƙarƙari. Bakinsa na ƙasa kada ya faɗo a kan layin ɗinki. Ko dai ya tsaya sama da shi, ko ya wuce shi da abin laushi a tsakani, likitan ne zai zaɓa gwargwadon inda ya yi yankan. Jerin shi ne singileti, sai soso mai laushi in an bayar, sai allo, sai riga a sama. In allo ya shiga, rigar za ta ƙara matsewa, don haka a koma layin ƙugiya mafi sassauci.

A fara da awa ɗaya, a cire a duba fata. In babu duhu, babu sawun da ya daɗe, washegari a ƙara. Amfaninsa ya fi fitowa lokacin zama, domin a nan ne riga ke naɗewa ta yi layi a ciki. Barci da shi sai in likita ya ce, tun da dare ba mai dubawa. In kuka ga mara ta yi tudu daidai ƙarƙashin bakin allon, ko siffarsa ta fito a cikin kamar an zana, to yana tura ruwa gefe ne maimakon ya baje shi. A cire a sanar.

Fajar kuma a auna ta da tef a kan jikin da take da shi yanzu, ƙugu da mazaunai, a bi teburin awo na kamfanin. Sayen ƙaramar lamba don ciki ya fi shafewa shi ke jawo yawancin matsalolin da aka lissafa a sama. Yawanci ana sa matsi dare da rana na mako huɗu zuwa shida, sai a koma rabin yini na wasu makonni. Ɗan kumburin ƙasan cibiya da ke hawa da yamma yakan kai wata uku zuwa shida, ba alamar aikin ya lalace ba ne.

Abin da za ku sa wa ido bayan an cire roba shi ne taruwar ruwa a ƙarƙashin fata. Ki sa ta kwanta, ki ɗan buga gefe ɗaya na ƙasan cikin da yatsa. In kika ga motsi yana tafiya zuwa ɗaya gefen kamar ruwa a leda, ruwa ne ya taru. Ƙara matse riga ko ɗora allo ba zai kore shi ba, zuƙe shi ake yi da sirinji a asibiti, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Kada a bari mai tausa ko mai shagon magani ya soka mata allura ko ya buɗe ɗinki don matso ruwa. Kumburi mai tauri da ya taso cikin awanni a gefe ɗaya yana ciwo, zazzaɓin da ya kai 38, mugunya ko wari, duk na gani ne a ranar.

In tana da ciwon suga a riƙa auna shi kullum, kuma a nisanta ta da hayaƙin taba da shisha, har na mutanen gida, domin nikotin yana tsuke jijiyoyin da fatar nan ta dogara da su.

Nas Malali

Yaya, kafin ku tafi ki duba ƙasan fajar ko tana da buɗaɗɗen wurin fitsari. In babu, ki nemi a canza miki da mai shi, domin cire riga mai ƙugiyoyi a mayar sau shida ko bakwai a rana yana jan ɗinki, kuma yakan sa mai jinya ta rage shan ruwa don gudun wahalar. Takardar awon ruwan robar ma ki sa ta a jaka tun yanzu.